Kafin a ƙara wa tsohuwar Fijo tsayi

Da zarar ruwan Agusta ya kankama a Kaduna, garejojin Kurmin Mashi da Tudun Wada da Kakuri sukan fara karɓar wani aiki da ba su cika gani da rani ba. Mai tsohuwar mota zai shigo, salansa tana lilo an ɗaure ta da waya, ƙasan inji ya sha bugu, buƙatarsa kuma guda ce: a ɗaga masa motar. Duk wanda ke kwana a lungunan Rigasa ko can cikin Rigachikun ya san dalili. Ruwa ya zaizaye hanyar burji ya bar doro a tsakiya, tayoyi suna tafiya cikin kwari biyu, cikin mota yana shafar ƙasa. A kan kwalta ma ga tuddan rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa da kansu, kowa da tsayin da ya ga dama.

Buƙatar ta gaskiya ce, ana kuma iya biyan ta. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu zuwa da ita, har da wasu daga cikin masu karɓar aikin, suna ɗaukar tsayin mota abu ne mai zaman kansa, a ƙara inci biyu a kama hanya. Alhali waɗanda suka zana motar sai da suka tsayar da tsayinta sannan suka auna sauran abubuwa a kansa: tsawon shokazoba, zaman taya, tsawon tiyon birki, karkatar shaf, har da inda fitila ke haskawa. Duk incin da aka ƙara sai ya taɓa waɗannan. Wanda bai bi su ɗaya bayan ɗaya ya daidaita ba, shi zai biya daga baya, ko a wurin mai taya ko a kan kwana.

Zan fi tsayawa kan Fijo 504, don ita ce tsohuwar motar garin nan. A 1968 ta fito a Faransa, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, daga baya kamfanin PAN da ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975 ya riƙe ta har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barin ta. Abin da ya sa ta karɓu a Afirka kuwa ƙafarta ce: doguwa, mai laushi, mai nisan motsi, tana shanye rami ba tare da ta girgiza na ciki ba. Da tsayinta aka haife ta. Saboda haka idan yau 504 tana goge ƙasa a inda a da take wucewa salin-alin, tambayar farko ita ce ina tsayin nata ya tafi.

Amsar tana wurin tef ɗin awo. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, but babu kaya, a auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodin da ke saman taya, a duk kusurwa huɗu. Daga tsakiyar wili ake farawa domin kada girman taya ko ƙarancin iska su shiga lissafi. Sau da yawa za a tarar ɓangaren direba ya fi ɗayan zama, baya kuma ya fi gaba, musamman motar da ta yi shekaru tana jigilar fasinja da buhuna tsakanin Kawo da Zariya. Daga nan sai a ɗaga ta a shiga ƙarƙashi da tocila. Sifirin ɗin da ya gaji yakan gajarce. Wani ma zagayensa na ƙarshe ya karye tun tuni, guntun yana kwance cikin laka da tsatsa a mazauninsa, ba mai lura. Robar da sifirin ke zama a kanta ta laɓe ta zama kamar fata. Mafi muni shi ne tsatsa ta ci bodin da ke riƙe kan shokazoba na gaba, ƙarfen ya fara kumburowa sama.

Na ji wani dattijon bakanike yana yi wa mai mota wannan bayani, hannunsa ɗaya riƙe da guntun sifirin ɗin da ya zaro.

"Alhaji, motar nan zama ta yi. Ka bari mu mayar da ita inda kamfani ya ajiye ta tukuna."

"To Baba, in an mayar kuma ta ci gaba da gogewa fa?"

"Sai mu ƙara kaɗan, ranka ya daɗe. Amma ba a ɗora ƙari a kan gajiyayyen ƙarfe."

Maganarsa ita ce daidai. Sabon sifirin na asali da sabuwar roba sukan dawo da tsayin da ya isa yawancin hanyoyin cikin gari, ba tare da an taɓa komai a tsarin motar ba. Wanda ya yi haka ya ga ya wadatar, aikinsa ya ƙare a nan.

Ga wanda bai wadatar ba, dole ya fahimci abu guda kafin a kwance ko da noti ɗaya. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke tsayinta. Aikin shokazoba kwantar da tsalle ne, shi ya sa masu sayen sabuwa da fatan mota ta tashi suke komawa gida da mamaki. Amma shokazoba ce ke iyakance nisan da taya za ta iya sauka. Taya tana da hanyar da take kai-komo a cikinta: tana hawa idan ta taka tudu, tana sauka idan ta faɗa rami, mota kuma a tsaye tana zaune ne a wajen tsakiyar wannan hanya. A ɗauka, don misali, hanyar duka santimita 20 ce, 11 na hawa, 9 na sauka. Idan aka sa dogon sifirin ya ɗaga motar da santimita 5 aka bar shokazobar da take, hanyar ba ta ƙaru ba, an dai ture mazaunin ne. Na hawa ya zama 16, na sauka ya koma 4 kacal. Ramin da ya wuce zurfin santimita 4, taya ba za ta kai ƙasansa ba. Shokazoba ta miƙe iya tsawonta ta buga, a ji ƙwas a ƙasa, tayar kuma ta rataye a iska na ɗan lokaci. Tayar da ba ta taɓa ƙasa, ba ta iya juya akalar mota, ba ta kuma kama birki. A hanya mai gargada ana cikin gudu, wannan ɗan lokacin yana maimaituwa ba iyaka, shi ne direba zai ce motar tana yawo a hannunsa.

A ganina wannan shi ne babban abin da ake asara garin neman tsayi, domin nisan saukar taya shi ne ainihin abin da ya sa 504 ta zama 504.

Sai kuma a tambayi kai mene ne ma yake goge ƙasar. A ƙarƙashin 504 tsari iri biyu ake samu a baya. Akwai salun ɗin da kowace tayar baya ke motsi ita kaɗai, tulun aksil, wato kumburarren ƙarfen tsakiya da ke raba wa tayoyin baya ƙarfin inji, yana manne da jikin mota, gajerun shaf biyu suna kai ƙarfi ga tayoyi. Wannan in an ɗaga ta, tulun ma ya tashi. Akwai kuma masu aksil ɗin baya guda, sanda ɗaya daga taya zuwa taya, kamar wagon da a-kori-kura da wasu salun ɗin. Irin waɗannan ko an ɗaga bodi ya kai ina, tulun aksil yana nan inda yake, domin a kan tayoyi yake zaune. Salansa da tankin mai da bamba za su tsira, amma doron tsakiyar hanya zai ci gaba da samun tulun. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi.

Lissafin taya kuwa kowa zai iya yi. Taya mai lamba 175/80 R14, kaurin gefenta kashi 80 cikin ɗari ne na milimita 175, wato 140. Ta 185/80 tana da 148, ta 195/80 kuma 156. Ke nan daga ta farko zuwa ta biyu an samu milimita 8, zuwa ta uku 16, kuma wannan tsayi ne na gaske da ke ɗaga komai har tulun aksil. Kuɗinsa shi ne agogon gudu zai riƙa rage wa direba: da ta uku, allura tana kan 100 motar tana wajen 105. Inji zai ɗan yi nauyin tashi da lodi, kuma sai an murɗa sitiyari iya ƙarshensa hagu da dama an tabbatar taya ba ta cin bodi.

A gaban 504, sifirin yana naɗe ne a jikin shokazoba, su biyun sun zama ƙafa ɗaya da ke ɗaure a saman bodi. Hanya biyu ce ta ɗaga irin wannan. Dogon sifirin, wanda muka ga yadda yake cinye saukar taya, ko kuma zoben ƙari da ake sawa tsakanin kan ƙafar da bodi. Zoben ya fi adalci ga shokazoba, don yana sauko da ƙafar gaba ɗayanta, motsinta bai ragu ba. Nauyin sai ya koma kan hannun ƙasa da ke riƙe taya, da boljoyin, wato gaɓar da ke ƙarshen hannun, da tayarod, sandar da sitiyari ke juya taya da ita, waɗanda yanzu suke aiki a karkace. Boljoyin yana da iyakar lanƙwasawa. In ya kai iyakar kafin shokazoba ta kai tata, duk bugun rami a wuyansa yake sauka, ranar da ya fita daga kwaminsa kuma taya kwanciya take yi. Tayarod da ya karkace fiye da ƙima yakan ja taya ciki ko waje duk lokacin da ƙafa ta motsa, sai mota ta riƙa kauce wa hanya da kanta a kan tudu. Masu injin gurzar ƙarfe a Panteka suna iya fitar da zobe mai kyau in an ba su awo. A sa su yi shi da ƙarfe ko alminiyam guda, biyun kauri ɗaya, a sa dogayen kusoshi masu ƙarfi da noti zai kama su sosai. Ni dai a tsohuwar salun ban yarda a wuce inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba.

Masu Marsandi ƙirar W123, wadda aka fara sayarwa a 1976, sun yi sa'a, domin kamfanin da kansa ya tanadi hanya. A saman kowane sifirin akwai robar zama, ana yin ta kauri daban-daban, da 'yan ƙuraje a gefenta da ke nuna lambarta. Ta gaba tana zuwa milimita 8, 13, 18 da 23, daga ƙurji ɗaya zuwa huɗu. Bakanike yana iya laluba gefen robar da yatsa ya ƙirga ba tare da ya kwance komai ba. Wani zai raina bambancin, amma sifirin ɗin a tsakiyar hannu yake zaune, tayar kuma a can ƙarshe. Kamar ƙofa ce, kusa da inda aka kafe ta motsi kaɗan ne, a bakinta kuwa ya yi faɗi. In sifirin yana daidai rabin hannu, santimita 1 a wurinsa 2 ne a taya. Wanda bai san wannan ba zai sa ƙarin inci biyu ya sauke jak ya ga mota ta yi tsaye kamar za ta tashi. Gargaɗi ɗaya a nan, da babbar murya: sifirin ɗin gaban wannan Marsandi dogo ne, a matse yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Yana da na'urar matsewa ta musamman mai faranti biyu da ke shiga ta cikinsa. Garejin da za a ɗaure shi da waya ko igiya, a ɗauke mota a bar wurin, kada yaron shago ya rasa hannu ko fuska saboda motar wani.

A-kori-kura mai sifirin falle-falle ta fi sauƙin sha'ani. Ƙara falle ɗaya yana ɗaga ta ya kuma ƙara mata juriyar lodi, sai dai in babu kaya bayanta zai riƙa tsalle. Dogon maratayi a ƙarshen sifirin yana bayar da wajen rabin tsawon da aka ƙara ne kawai, tunda gefe ɗaya ya tashi. Tubalin ƙarfe tsakanin aksil da sifirin kuwa sai an duba: in sifirin yana saman aksil, mota za ta tashi, in yana ƙasansa, sauka za ta yi. Sifirin ɗin da aka mayar wa lanƙwasa da guduma ba ya jimawa yake komawa yadda yake.

Boksuwaja mai ƙirar kunkuru, wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975, tata dabarar daban ce, kuma tana burge ni. A bayanta sandar ƙarfe ce ake murɗawa a madadin sifirin, da haƙora a kowane kai: 40 a ciki, 44 a waje. Haƙori ɗaya na ciki digiri 9 ne, na waje digiri 8 da 'yan kai. In aka matsa ɗaya gaba aka dawo da ɗayan baya, bambancin bai kai digiri ɗaya ba, don haka ana iya daidaita tsayi da kaɗan-kaɗan ba tare da an sayi komai ba. Hatsarin yana ga wadda shaf ɗin bayanta ke da gaɓa ɗaya tak kusa da giyabos. Da an ɗaga ta, ƙasan tayoyin baya sai ya shige ciki, samansu ya buɗe. A kwana mai kaifi tayar waje takan naɗe ƙarƙashin mota, bayan ya ƙara tashi, motar ta juya.

Irin wannan karkatar taya tana samun bayan salun 504 da na Marsandi ma, ko da yake ba ta kai haka tsanani ba, ga kuma gajerun shaf da ke aiki a gicciye, robobinsu suna saurin tsagewa, laka ta shiga, gaɓa ta fara ƙara. Masu aksil guda a kan sifirin na naɗi yawanci suna da sanda a gicciye da ke hana aksil zamewa gefe, kuma ɗaga bodi yana sa ta ja aksil ɗin zuwa ɓangare ɗaya.

Akwai wani abu da kusan kowa ke mantawa. A bayan 504 akwai bawul da ke raba ƙarfin birki gwargwadon lodi. Yana gane nauyi ne ta yadda bodi ya zauna: in baya ya nutse, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Motar da aka ɗaga ba a daidaita masa mahaɗinsa ba, a wurinsa kullum babu kaya, ko da an cika ta da mutane. Aikin tsayawa sai ya taru a kan birkin gaba, nisan tsayawa ya ƙaru. Haka tiyon birki: a ɗaga mota tayoyi su rataye, a murɗa sitiyari, a taɓa kowane tiyo. Wanda ya miƙe ya yi tauri, a canza shi da mai tsawo a ranar.

Batun kifewa kuma lissafi ne. Ana raba faɗin da ke tsakanin tayoyi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyin mota. A ɗauki misalin faɗi santimita 140, cibiya a 55, sakamakon 1.27 ne. A ɗaga ta da santimita 5 ya koma 1.17, an rasa wajen kashi 8 cikin ɗari na abin da ke riƙe ta a ƙasa. A cikin gari ba za a ji ba. Ranar da akuya ta faɗo titi a hanyar Kachia ana cikin gudu, ga kaya a kan rufi, a ranar ake ji.

Akwai waɗanda suka ɗaga 504 sosai, amma sai da suka sake mata ƙafa. Kamfanin Dangel da ke Sentheim a gabashin Faransa ya riƙa mayar da wagon da a-kori-kura masu jan taya huɗu tun farkon shekarun 1980, aiki ne na injiniyoyi da ya shafi ƙarƙashin motar baki ɗaya. A tseren Safari na Kenya kuma, Ove Andersson ya yi nasara da 504 a 1975, Jean-Pierre Nicolas ya maimaita a 1978 da ƙirar Coupé mai inji V6. Motocin irin wannan tsere ba sa fita sai da farantin kariya a ƙasan inji, kuma wannan dabara ce da ta dace da mu ƙwarai. Faranti mai kauri da aka ɗaure da kusoshi a ƙarfen ƙasa, an bar ramin juye baƙin mai da hanyar iska, tare da matso da salansa sama kusa da bodi, yakan magance abin da ya kawo mutum gareji ba tare da an taɓa sifirin ba.

Abubuwan da ban ga uzurinsu ba su ne cusa guntun taya ko katako tsakanin zagayen sifirin, wanda ke kashe zagayen ya tara wahala a kan sauran har su karye, da gasa sifirin da wutar walda don a miƙa shi, wanda ke kashe ƙarfin ƙarfen, da kuma ɗauko sifirin ɗin wata babbar mota a Ori-Apata don kawai faɗinsa ya shiga mazauni. Araha ba ta ado. Tsohuwar mota mai lafiyayyen bodi kuma ƙara wuyar samu take yi, don haka duk abin da za a yi mata ya zama wanda za a iya kwancewa, kayanta na asali a sa a buhu a ajiye.

In an gama haɗawa, kada a ƙulle kusoshin bushin, wato robobin mahaɗan ƙafa, mota tana rataye. A sassauta su, a sauke ta ta zauna a sabon tsayinta, sannan a ɗaure, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Alaimen, wato saita zaman tayoyi, shi ne na ƙarshe, bayan an ɗan zagaya da ita ƙafa ta zauna, sai a tsaya gaban bango da dare a saita fitilu don kada a riƙa kashe wa masu tahowa ido. Bayan mako biyu ko uku a sake ɗauko tef a auna kusurwa huɗun nan, a shafa tafin hannu a kan kowace taya daga ciki zuwa waje. In gefen waje na tayar baya ya fara santsi ya bar na ciki, tsayin ya wuce abin da ƙafar za ta ɗauka, sai a rage ƙarin da aka yi wa bayan motar.